Ranar da Baba Bai Ga Komai a Madubi Ba

Mahaifina ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Ya yi shekara talatin da wani abu a asibitin gwamnati yana duba jini da fitsari da kaki. Da ya yi ritaya sai ya kama wani ɗan shago a Tarauni, can bayan kasuwa, ya raba shi biyu da labule. Gaba akwai bencin masu jira, ciki kuma teburinsa da kwalaben rini da madubinsa. Madubi yake ce wa na'urar nan da ake leƙa ƙwayoyin cuta da ita, mu ma haka muka taso muna faɗa. Mutanen unguwa Dokta suke kiransa. Kullum sai ya gyara musu, ya ce shi ba likita ba ne, mai duba wa likita ne. Ba su taɓa dainawa ba.

Gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi yake, ni ce babbar 'yarsa. Muna yara, idan ɗayanmu ya zauna gaban kwano bai wanke hannu ba, Baba ba ya duka. Sai ya janye kwanon, ya ce a zauna a ji labarin mutumin Italiya. Mun fi tsoron wannan a kan bulala, domin kafin labarin ya ƙare tuwo ya huce.

Yana da wani tsohon littafin Turanci marar bango, tun na makarantar koyon aikinsa, a ciki ya samo labarin. Ya ce a can ƙasar ana kiwon tsutsar alharini kamar yadda ake kiwon kaji a nan. Ganye ake ba ta, ita kuma ta saƙa zare, irin zaren tsamiyar da ake yi wa babbar riga aiki da shi, sai dai nasu ya fi laushi. Sai wata cuta ta shiga cikin tsutsotsin. Tsutsa za ta daina ci, ta mutu, ta sandare, ta yi fari fat kamar an birgima ta a garin rogo. Masu kiwo suka yi ta asara. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce zafi ne, wasu suka ɗora wa ganyen laifi. Shi wannan mutumin ya ce zai duba.

"Shekara fiye da ashirin yana dubawa," in ji Baba, yana ɗaga yatsa. "Ku kuwa wanke hannu na minti ɗaya ya gagare ku."

Ya ce mutumin yakan sa bakin allura ya ɗebo farin garin nan daga jikin matacciyar tsutsa, ya taɓa mai lafiya da shi. Bayan 'yan kwanaki ita ma sai ta mutu, ta yi fari. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, har ya tabbatar garin nan abu ne mai rai, yana tsiro, yana yaɗuwa, yana bin hannu da tufafi da kayan aiki daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ya gaya wa masu kiwo su ware marasa lafiya, su wanke hannu, su tsabtace ɗakunan. Daga baya ma ya ce ba tsutsa kaɗai ba, cututtukan mutane da yawa haka suke, wani ƙaramin abu ne mai rai yake shiga jiki. A zamanin nan ba kowa ya saurare shi ba. Kuma duk wannan aikin, in ji Baba, da raunanan idanu ya yi shi, don tun da ƙuruciyarsa idanun suke ba shi wahala, har suka kusa mutuwa gaba ɗaya.

Yadda Baba yake ba da labarin, har na kai aji huɗu a firamare ina tsammanin abokinsa ne, sun yi aiki tare. Ranar da na tambaye shi me ya sa mutumin bai taɓa zuwa gidanmu ba, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ai ya rasu tun kafin a haifi kakan kakana.

Na girma, na yi aure a Unguwa Uku, ina koyarwa a wata firamare a Tarauni. Da an tashi ƙarfe biyu sai in bi ta shagon Baba in gaishe shi kafin in hau adaidaita sahu in wuce gida. A irin wannan biyawar na fara lura. Sau biyu cikin mako ɗaya ya ture kwalbar shuɗin rini da gwiwar hannu, mutumin da ban taɓa ganin ya zubar da ko ruwan sha ba. Wata rana na shiga na tsaya ta hagunsa, kusa da shi sosai, yana kallon gaba bai san da ni ba sai da na yi sallama, ya zabura. Sannan ranar da muke tsallaka titi tare, wani mai adaidaita ya taka birki har fasinjojinsa suka yi salati. Baba ya ce wallahi bai gan shi ba.

Na yi ta naci har ya yarda muka je asibitin ido, ni da shi kaɗai. Likitan ya daɗe yana haska masa fitila, ya sa shi ya leƙa wata na'ura yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga haske. Na ga hasken yana wucewa sau da yawa Baba bai danna ba. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin idon a ɓoye. Na hagu ya kusa tafiya, na dama ma an ci gefensa. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe sauran da maganin ɗigawa. Da ya ji sana'ar Baba sai ya ajiye biro.

"Baba, aikin madubin nan ya kamata a huta haka."

Baba ya ce ya ji, ya gode.

A hanyar dawowa, da muka kusa Gyaɗi-Gyaɗi, sai ya juyo gare ni.

"Kada Innarku ta ji wannan maganar. Kada kowa ya ji."

"Baba, likita fa ya ce ka huta."

"Na ji abin da ya ce. Tsakiyar idon dama ras take, kuma ba da gefen ido ake duba madubi ba. Ranar da na ga ba na gani, ni da hannuna zan rufe shagon. Kin yarda da ni?"

Na ce na yarda. Ban taɓa ce masa a'a ba tun da aka haife ni, kuma na san in aka raba shi da teburin nan ba shi da wani wurin zuwa da safe. Ni nake saya masa maganin ɗigawar, in ajiye masa a aljihun teburin shago don kada Inna ta gani. Muka yi wata bakwai a haka.

Maƙwabtanmu na jikin katanga mutanen kudancin Kaduna ne, Kiristoci, sun fi shekara goma suna haya a gidan. Maigidan malamin lissafi ne a sakandare, kowa Ticha yake ce masa. Matarsa tana ɗinki a cikin gida, ni Anti nake ce mata, ita kuma Malama take kirana tun ranar da na fara koyarwa. Baba da Ticha suna da benci a ƙofar gidanmu. Bayan la'asar Ticha zai fito da jarida, Baba ya fito da rediyo, su yi ta gardama a kan gwamnati har a kira magariba. 'Ya'yansu huɗu, uku maza, sai autar mace, 'yar shekara shida, haƙoranta biyu na gaba sun faɗi. A gidanmu take wuni. Kaka Dokta take ce wa Baba. Ya taɓa kai ta shago ya ɗora ta a kan kujera, ya sa mata ɓawon albasa a madubi. Ta dawo tana gaya wa kowa cewa a cikin albasa akwai ɗakuna.

Wata Asabar cikin damina, lokacin da kwatocin unguwa suka cika sauro ya yi yawa, na je shago da hantsi na kai wa Baba magani. Ina zaune sai ga Anti ta shigo, ta goyo autar duk da ta wuce goyo. Ta ce tun jiya jikin yarinyar da zafi, ta ƙi cin komai, ta yi amai sau ɗaya.

Baba ya taɓa goshin yarinyar. "Auta, yau ba za a gaishe da Kaka ba?"

Ta ɗaga kai da ƙyar ta gaishe shi. Ya goge mata yatsa da auduga, ya soka, ya shafa jinin a kan ɗan gilashi, ya busar, ya rina. Hannunsa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan ya zauna gaban madubi.

Ni na san tsawon lokacin da yake ɗauka a kan gilashi ɗaya, tun ina ƙarama nake kallonsa. Ranar nan ya ninka. Ya ɗago ya murza ido, ya koma. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, kamar mai leƙe ta ramin ƙofa. A saman kabad ɗin bayansa akwai kwalin 'yan tsinkayen gwajin maleriyar nan da ake ɗiga wa jini su nuna layi. Ƙanena ne ya kawo masa, shi kuma ya ajiye bai buɗe ba, ya ce wannan na waɗanda ba su koyi dubawa ba ne. Na kalli kwalin. Na kalli ƙeyar Baba. Na kalli Anti tana yi wa yarinyar fifita da gefen mayafi. Magana ta zo min har baki, cewa Baba a gwada da tsinken ma mana. Amma in na faɗa a gaban Anti, zai san abin da nake nufi, ita ma za ta iya tambayar dalili. Sai na yi shiru.

Ya ɗago. "Madam, ban ga maleriya ba. Jinin a wanke yake. Wataƙila mura ce ke son kama ta, kin san yanayin. A ba ta na sauke zazzaɓi, ta sha ruwa da yawa. In bai sauka ba nan da kwana biyu a kai ta asibiti."

Anti ta sauke ajiyar zuciya. "Kai, na gode wa Allah. Tun da kai ka duba, hankalina ya kwanta."

Ranar Lahadi zazzaɓin ya ɗan sauka, har yarinyar ta sha kunu. Ranar Litinin da rana, Ticha yana makaranta, sai ta fara fizge-fizge, idanunta suka juye. Inna ce ta ji ihun Anti ta katanga, ta fita ba ko takalmi, suka tare adaidaita suka kai ta asibiti. A can aka ce maleriya ce, ta riga ta hau ƙwaƙwalwa. Aka sa mata ruwa da allurai. Ba ta farfaɗo ba. Ranar Laraba da safe ta rasu.

Ina aji aka kira ni a waya. Ban san yadda na isa Gyaɗi-Gyaɗi ba. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu, mutanen cocinsu da mutanen layinmu sun cika wurin. Baba yana zaune kusa da Ticha, kansa a ƙasa. A cikin gida mata suna waƙoƙin coci a hankali, Anti tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, Inna na riƙe da hannunta. Da Anti ta gan ni sai ta ce, "Malama, ni ce. Dokta ya ce in kai ta asibiti in bai sauka ba. Da na kai ta tun Lahadi. Na ga ta sha kunu sai na zauna ina ɗinki. Ɗinkin mutane nake yi, Malama, 'yata tana mutuwa a ɗaki."

Ta yi ta maimaita wannan ga duk wanda ya shigo. Washegari suka tafi da gawar garinsu.

Al'adar Baba ce ba ya zubar da gilashin da ya duba sai ya yi wata guda, yana jera su a wani akwatin katako da lamba a jikin kowanne. Kwana uku bayan tafiyarsu na bi ta shago, na tarar ba kowa a benci, ya sauke labule. Ya miƙo min ambulan da gilashi ɗaya a ciki.

"Ki kai wa ɗalibata. Kada ki ce mata na wane ne. Ki ce kawai ta duba min."

Ɗalibar tasa wata mata ce da ya koya wa aiki tun tana sabuwar ɗauka, a lokacin kuma ita ce babba a ɗakin gwajin wani asibiti. Ta karɓe ni da fara'a, ta tambayi lafiyar Malam, ta ɗiga mai a kan gilashin ta sa a madubinta. Ba ta yi minti ɗaya ba ta ɗago.

"Subhanallahi. Wannan ai cike yake, ko ɗan koyo zai gani. Yaro ne ko babba? A yi maza a kai shi asibiti yau ɗin nan, kada a kwana."

Na ce, "Yarinya ce. Ta rasu."

Ta dube ni, ta dubi rubutun lambar da ke jikin gilashin. Ta san hannun. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta goge man, ta mayar da gilashin cikin ambulan, ta rako ni har bakin titi, abin da ba ta saba yi ba.

Da na koma, Baba yana nan inda na bar shi.

"Me ta ce?"

"Ta ce akwai."

"Da yawa?"

"Ta ce da yawa."

Can ya ce, "Na duba, wallahi na duba. Layi-layi na bi." Sannan ya miƙe ya ɗauko rigar yadin da Inna ta ɗinka wa madubin, ya rufe shi, ya ba ni makulli ya ce in kulle shagon. Bai sake buɗe shi ba.

A ranar ya gaya wa Inna komai, har da zuwanmu asibitin ido. Inna ta juyo ta kalle ni, wani irin kallo da ba ta taɓa yi min ba. Da Baba ya ce idan su Ticha sun dawo zai je ya gaya musu, sai ta tashi tsaye.

"Ka gaya musu me, Malam? Yarinya kwananta ne ya ƙare. Faɗar za ta dawo da ita ne? Ka bar mutanen nan su ji da abin da ke damunsu."

"Na san kwananta ne ya ƙare. Amma kin ji abin da uwarta take faɗa. Tana can tana cewa ita ta kashe 'yarta. Haka za ta yi ta faɗa har ta tsufa, ni kuma ina jikin katangarta ina ji?"

Ni ma na roƙe shi. Na ce unguwa za ta ɗauka, sunan da ya yi shekara da shekaru yana ginawa zai zube. Gaskiyar magana, ba sunansa kaɗai nake ji ba. Kaina nake ji.

Bayan mako biyu suka dawo. Baba ya bari suka kwana biyu, sannan ranar Asabar bayan la'asar ya sa fararen kayansa, ya ce in zo in raka shi. Ticha ya tarbe mu, ya ba Baba kujerar da ta fi kyau a falon. Anti ta fito ta zauna a bakin ƙofar ɗaki. Ta rame har wuyanta ya fito. Keken ɗinkinta yana gefe an rufe shi da zani.

Baba bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Ticha, Madam, na zo da magana mai nauyi. Ranar da aka kawo min Auta, akwai maleriya a jininta, da yawa. Ni ne ban gani ba. Idona ya lalace, likita ya gaya min tun wata bakwai da suka wuce, ya ce in bar aikin, na ƙi, na ɓoye. Da na ce muku akwai, da a ranar an fara mata magani. Madam, ba ɗinkinki ba ne. Maganata kika bi. Ni ne."

Ana jin yara suna ƙwallo a waje. Ticha ya cire tabarau ya riƙe a hannu, yana kallon ƙasa. Anti kuwa ba Baba ta kalla ba. Ni ta kalla.

"Malama, ke kina wurin ranar."

"Ina wurin, Anti."

"Kin san idonsa ba ya gani?"

Na so in ce ban san abin ya kai haka ba. Na so in ce Baba ne ya hana ni faɗa. Sai na ji bakina ya ce, "Na sani."

"Kina zaune kina kallona ina gode wa Allah."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ba mu ji kuka ba. Da ta yi kukan ma, ina jin da ya fi mana sauƙi.

Ticha ya mayar da tabaransa. Ya ce, "Baba, na ji. Ba kowa zai zo ya faɗi wannan ba, na sani. Amma yau ba ni da abin da zan ce maka. Ka yi haƙuri."

Ya rako mu har ƙofar gida, ya riƙe wa Baba hannu a wurin dakalin, don ya ga yana laluben ƙasa da ƙafa.

Ba su gaya wa kowa ba. Har yau ban ji maganar a bakin wani ɗan unguwa ba. Mutane sun ɗauka tsufa ne ya sa Dokta ya rufe shago. Ticha ya ci gaba da gaishe da Baba idan sun haɗu, gaisuwa cikakkiya, amma bai ƙara zama a bencin ba. Baba yakan fito da rediyonsa bayan la'asar ya zauna a gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen. Anti kuma in ta hango ni a layi sai ta koma ciki. Da aka yi hutun ƙarshen shekara suka kwashe kaya suka koma wata unguwar. Ticha ya shigo ya yi wa Baba da Inna sallama. Ita tana cikin mota.

Cikin shekara biyu idon dama ma ya tafi. Baba ya daina sa maganin a kan lokaci, in na yi magana sai ya ce to. Ƙanena yake kai shi masallaci, sauran lokacin yana zaure. Ya zama marar magana, mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru a ci abinci. Wata Juma'a da yamma, don in ɗebe masa kewa, na ɗauko tsohon littafin nan na ce bari in karanta masa labarin mutuminsa. Bai hana ni ba. Na karanta wurin allura da farin gari, na karanta wurin da mutumin yake ba da shawarar a ware marar lafiya a tsabtace kayan aiki. Ina ganin leɓɓan Baba suna motsi, ya haddace shafin. Da na zo inda aka ce ganin mutumin ya yi rauni amma bai bar bincike ba, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Kin san wannan layin na riƙa karanta wa kaina a watannin nan? Nakan ce ga shi, shi ma bai daina ba." Ya sauke hannun. "Ban tsaya na tuna cewa shi tsutsa ce a gabansa ba. In ya yi kuskure, gobe ya ɗauko wata. Rufe littafin."

Na ce, "Baba, ni ma da laifina. Na ga kwalin nan a saman kabad, na yi shiru."

"Ni na ɗaure miki baki. Wannan ma a kaina yake."

Ya faɗa ne don ya sauke min nauyin, na sani. Bai sauka ba.

Ya rasu shekara huɗu bayan autar, bayan gajeriyar jinya. Ranar sadakar uku ina cikin gida ƙanena ya shigo ya ce min Ticha yana waje. Ban san wanda ya gaya masa ba. Ya zauna a tabarma tare da mutane har aka shafa addu'a, sannan ya nemi a yi masa iso wurin Inna. Ya durƙusa ya yi mata ta'aziyya, ya ce Baba mutumin kirki ne, ya ce Madam ba ta samu zuwa ba. Inna ta ce ba komai, a gaishe ta. Dukanmu mun san ba rashin samun dama ba ne.

Bara, ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta, na shiga kasuwar Tarauni sayen yadin yunifom na 'yata. Ina taɓa yadi sai na ji wata murya a gefena tana tambayar zare. Anti ce. Furfura ta fito mata a gaban goshi, ta sa tabarau. Mun yi kusa da juna sosai, babu yadda ɗayanmu za ta yi kamar ba ta ga ɗaya ba.

Na gaishe ta. Ta amsa. Ta tambayi Inna, na ce tana nan, sai ciwon ƙafa. Na tambayi samarin, ta ce babban ya gama jami'a. Ta dubi yadin da ke hannuna.

"Na 'yarki ne? Aji nawa take?"

"Za ta shiga aji ɗaya na sakandare."

"Tawa da yanzu tana aji uku," in ji ta. Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar dai mai lissafi da ka.

Na ajiye yadin. Na ce, "Anti, tun ranar nan ban taɓa buɗe baki na roƙe ki ba. Ki yafe min."

Ta daɗe tana juya ƙullin zare a hannunta. Mai shagon ya ga abin da ke faruwa ya juya yana gyara kaya.

"Babanki na yafe masa," ta ce. "Na daɗe da yafewa, na so in zo in gaya masa, ƙafata ta ƙi. Da bai zo ya faɗa min ba, da ban san inda nake ba yanzu. Ke kuma, Malama, ina ƙoƙari. Kullum ina sa abin a addu'a. Ban kai ba tukuna. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na ce na gode. Ban san me ya sa godiya ce ta fito ba, amma ita ce ta fito.

Ta karɓi zarenta, ta ce in gaishe da Inna, ta bi ta layin masu kayan miya. Na tsaya har na daina hango ɗankwalinta. Mai shagon ya tambaye ni ko yadi nawa zai yanka, sai da ya maimaita sannan na ji.